Ta yaya zan fahimtar da ma'aikata haɗarin sinadaran da muke taɓawa a wurin gini?

Sabon_Foman ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Dan Allah ina neman shawarar waɗanda suka riga ni a harkar nan. Kwanan nan aka ɗora min kula da ma'aikata a wani ginin bene da muke yi, kuma cikin abin da aka ce yana wuyana har da sanar da mutane haɗarin kayan da muke aiki da su, siminti ne, fenti ne, tina da ake sirka fenti da ita, gam ɗin tayil, asid ɗin wanke daɓe, ruwan nan da ake zuba wa kankare don ya kama da wuri, maganin gara da ake fesawa a fandisho, da dai sauransu. Kamfani ya miƙo min wani fayil mai kauri cike da takardun da ake kira SDS, wato takardun bayanin haɗarin kowane sinadari, duk da Turanci kuma da ƙananan rubutu, aka ce in ajiye a ofis in sa kowa ya sa hannu cewa an yi masa bayani.

To matsalar ita ce yawancin mutanena ba sa karatun boko, wasu ma yarenmu ba ɗaya ba, kuma leburori kullum canzawa suke, wanda ka gani yau gobe wani ne a madadinsa. In na tara su da safe ina magana kowa kai yake gyaɗawa, amma da rana ta yi sai ka ga mutum ya tsoma hannu cikin kwaɓin siminti ba safa, wani ya zuba tina a gorar ruwan sha ya ajiye a gefen inda ake hutawa, wani yana yanka bulo da inji ƙura ta rufe shi ruf ya ɗaura ƙyalle a hanci wai ya kare kansa. Gaskiya abin yana damuna sosai, don sa hannu a takarda ba shi zai hana mutum ƙonewa ba, kuma in wani abu ya faru ni zan kalli idon iyalinsa.

Tambayata, ku da kuka daɗe, ya kuke yi saƙon ya shiga da gaske? Me zan fara da shi? Kuma takardun nan dole sai na karanta musu duka ne? Na gode, Allah ya saka da alheri.

MaiSaIdo ya amsa:

Wa alaikumus salam Malam Foman, Allah ya taya ka riƙo. Aikina kenan kula da kariyar ma'aikata, kuma bari in fara da tambayarka ta ƙarshe, a'a, kar ka karanta musu SDS, ba don su aka rubuta ta a haka ba, don kai aka rubuta. Kai ne za ka karanta ka tace ka fito da abu uku ko huɗu da ya shafi aikin da mutum zai yi yau ɗin nan.

Takardar tana da sashe 16 kuma jerinsu iri ɗaya ne ko daga wane kamfani ta fito, saboda tsarin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar wanda ake kira GHS, an fara buga shi a 2003. Da ka gane jerin ka huta. Sashe na 2 shi ke faɗa maka mene ne haɗarin, na 4 taimakon gaggawa, na 5 yadda ake kashe wutarsa, na 6 abin da za a yi in ya zube, na 7 yadda ake ɗauka da ajiya, na 8 kayan kariya da suka dace, na 10 kuma abin da ba a haɗa shi da shi. Waɗannan su ne naka. Sauran na likitoci ne da masu dakon kaya da hukumomi, ka bar su sai buƙata ta taso.

Sai hotunan da ke jikin galan ko buhu, guda 9 ne a tsarin, kowanne cikin jan layi mai kusurwa huɗu a tsaye kan tsininsa. Mutane da yawa suna ɗauka tunda hoto ne ai kowa zai gane, wallahi ba haka ba ne. Ƙoƙon kai da ƙasusuwa kusan kowa ya san guba ce, harshen wuta ma haka. Amma ka ɗauki hoton mutumin nan da wani abu ya fashe masa a ƙirji ka tambayi mutanenka, za ka ji amsa iri-iri, alhali shi ne mafi nauyi a wurinmu, don shi ke nuna cutar da ke zuwa a hankali, asma, lalacewar huhu, kansa. Hoton ruwan da ke ɗiga kan hannu da kan ƙarfe yana cin su shi ma sai an yi bayani, haka alamar motsin rai. Saboda haka hoton sai an koya wa mutum shi tukuna yake zama tunatarwa. Ka kuma nuna musu kalmomi biyun da ake bugawa da manyan baƙi, Danger da Warning, ko mutum bai iya karatu ba zai iya haddace siffarsu, ta farkon ita ce mai tsanani.

Yadda nake yi, ba na tara kowa da kowa in yi lacca kan dukkan sinadarai. Abu ɗaya a rana, minti biyar zuwa goma, kuma a wurin da za a yi aikin, da kayan a hannuna. In yau za a zuba kankare to maganar siminti ce kawai, ga buhun, ga hoton, ga safar da za a sa, ga inda ruwan wanke ido yake, in je in taɓa duron da hannuna kowa ya gani. Gani ya kori ji. Bayan nan, kuma wannan shi ne abin da ya fi komai, kar ka ce "kun gane?" don babu wanda zai ce bai gane ba a gaban jama'a. Ka zaɓi mutum ɗaya ka ce masa, wane, kwaɓi ya faɗa maka a ido yanzu, nuna min me za ka yi. In ya tashi ya nufi ruwan to saƙo ya isa, in ya tsaya yana kalle-kalle to kai ne za ka sake bayani, kuma ba da faɗa ba. Wanda yarenku ba ɗaya ba ka nemi ɗan'uwansa a cikin ma'aikatan ya fassara, amma shi ma mai sauraron ya nuna da hannunsa, don mai fassara yakan taƙaita magana yadda ya ga dama.

Maganar tina a gorar ruwa kuwa, wannan ka tsaya a kanta yau ba gobe ba. Duk bayanin haɗari yana jikin galan na asali ne, da zarar an juye a wani mazubi bayanin ya tsaya a sito, gubar ta tafi yawo ba suna. Yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya mai lamba 170 ta 1990 kan sinadarai ta yi magana a kan wannan kai tsaye, in an juye sinadari a wani mazubi dole a nuna abin da ke ciki, kuma in kaya suka zo ba lakabi mai aiki ya nemi bayaninsu kar a yi amfani da su sai ya samu. Ba kowace ƙasa ce ta rattaba hannu ba, ka duba dokar inda kake, amma ko ba doka hankali ma ya ba da haka. Ka sa kamfani ya sayo ƙananan galan na musamman masu launi daban, a liƙa musu suna da hoto, mai sito kar ya zuba wa kowa komai sai a cikinsu, gorar abin sha kuma haramun ce ga sinadari ko na minti ɗaya ne.

Fayil ɗin nan kuma fito da shi daga ofis. Ofis a kulle yake lokacin da ake aikin dare ko ranar hutu, kuma sau da yawa lokacin ne abu ke faruwa. A Amurka tun 1983 suke da dokar da ta ce ma'aikaci yana da haƙƙin sanin abin da yake taɓawa, kuma cikin sharuɗanta dole takardun su kasance inda zai iya kai hannu a lokacin aikinsa. Ka ajiye kwafi a sito cikin leda, ka ɗauki hoton sashe na 4 na kowanne a wayarka da wayar shugabannin rukuni.

TsohonBirkila ya amsa:

Sallama dai. Duk abin da yallaɓai MaiSaIdo ya faɗa gaskiya ne amma bari ni ma in faɗi ta ɓangarenmu mu da muke riƙe da cebur da cokali, don yawanci ana maganar nan kamar mu ne ba ma ji. Ɗana Foman, in ka ga mutum ya tsoma hannu a kwaɓi ba safa kafin ka ce bai ji magana ba ka tambaya tukuna, an ba shi safar? Wace iri? Don wasu wuraren safar yadi ake rabawa, ita kuwa tsotse ruwan simintin take yi ta riƙe maka shi a fata yini guda, ta fi hannu tsirara illa. Ko a ba ka guda ɗaya ta yage da hantsi ka je sito a ce sai wani satin. To mutumin da ka yi wa bayani da safe ka ce abin nan yana ƙona fata sannan ka kasa ba shi abin kariya, me ka koya masa? Ka koya masa cewa maganarka ta baki ce kawai, gobe in ka zo da wata ta bayan kunne za ta bi.

Kuma siminti mugun abu ne saboda ba ya yi maka zafi a lokacin. Wuta in ta taɓa ka za ka janye, shi kuwa shiru yake ci. Mutum yana cikin kankare ana zuba dekin bene, kwaɓi ya shiga ta saman takalmin roba, shi dai yana jin danshi ya ci gaba da aiki don ba a tsayawa in an fara zubi, sai dare ya cire takalmi ya ga fata ta saɓule. Na ga irin wannan da idona ba sau ɗaya ba, haka masu durƙusawa da gwiwa suna shafe daɓe da wando jiƙe. Wannan shi za ka faɗa wa yaran, cewa rashin jin zafi ba ya nufin lafiya lau, da kwaɓi ya shiga takalmi a fito a cire a wanke nan take, kuma ka faɗa da bakinka a gaban kowa cewa wanda ya fita wanke ƙafa ba za a yanke masa ko sisi ba, ba kuma za a ce masa rago ba. In ba ka faɗi wannan ba ba wanda zai fita, lebura na yini tsoron kar a ce gobe kar ya dawo ya fi masa tsoron ƙuna.

Sai ƙaiƙayin siminti, wanda hannu ke tsattsagewa ya yi ta ruwa, wasu da ya kama su shikenan ko ƙurar buhu suka taɓa sai ya tashi, na san waɗanda dole suka bar sana'ar saboda shi.

Shawarata ta ƙarshe, ka riƙa sa manya cikin ma'aikata su yi maganar wani lokacin. Yaro zai ji maganar wanda ya nuna masa tabo a ƙafarsa fiye da maganar mai riƙe da fayil, ba raini ba ne, haka abin yake. Sabon lebura kuma duk ranar da ya zo ka haɗa shi da tsohon hannu ɗaya, kafin ya ɗauki kwano a nuna masa ruwa, a nuna masa abin da ba a taɓawa.

MalamarJinya ta amsa:

Baba Birkila Allah ya ƙara girma, ka taɓo inda yake mana ciwo a asibiti. Jiƙaƙƙen siminti yana da ƙarfin alkali sosai, wato kishiyar asid, a ma'aunin pH yana kai 12 zuwa 13, shi ya sa yake narkar da fata a hankali yana shiga ciki. Ƙaiƙayin da ka ce ba ya barin mutum kuma yawanci wani sinadari ne a cikin simintin, nau'in kuromiyam, jiki ke ƙin sa har abada in ya riga ya kama. Saboda shi ne ƙasashen Tarayyar Turai tun 2005 suka ƙayyade kar wanda ke narkewa a ruwa ya wuce kashi 2 cikin miliyan a siminti.

Malam Foman, ni abin da nake roƙo ka sa a cikin bayaninka shi ne mintunan farko bayan abu ya faru, don a nan ake ceton ido ko a rasa shi, kafin ma a iso wurinmu. Siminti ko asid ya shiga ido, ruwa mai tsabta za a yi ta kwarara a buɗe idon da yatsu, aƙalla minti 15 zuwa 20, siminti ma gara a zarce haka, sannan a taho asibiti ko da mutum ya ce ya ji sauƙi. Minti 20 yana da tsawo fa, mutane sukan wanke na minti ɗaya su ce ya isa, don haka ka sa wani ya riƙe agogo, kuma ka tabbata ruwan da ke wurin zai kai, ba rabin bokiti ba. Kar a murza, kar a ɗiga wani abu wai ya kashe ƙarfinsa. A fata kuma a cire rigar ko takalmin da ya jiƙe tukuna, in busasshen gari ne a kakkaɓe kafin a sa ruwa.

Wanda ya sha tina ko kananzir ko fetur bisa kuskure, dan Allah kar a sa shi amai. Wannan kuskuren ana yawan yinsa da kyakkyawar niyya, amma wurin aman ne yake kwararawa cikin huhu kuma illar da yake yi a can ta fi ta ciki nesa ba kusa ba. A kawo shi kawai, a taho da galan ɗin ko hoton jikinsa, ko takardar SDS ɗin in akwai. Sau da yawa ana kawo mana mutum mu ce me ya sha ko me ya shaƙa a ce "wani kemikal ne", to magani ya bambanta, lokacin da za mu ɓata muna lalube da an yi amfani da shi wajen ceto.

Akwai kuma maganar shan madara bayan fenti ko walda wai tana wanke guba. Ba ta wankewa. Abin da aka shaƙa huhu ya tafi daga nan ya shiga jini, madara kuwa ciki ta nufa, hanyarsu ma ba ɗaya ba. Damuwata da ita shi ne tana sa mutum ya ji ya kare kansa ya ƙi neman kariyar gaske.

Amma wanda ya fi wuyar fahimtarwa shi ne mai yankan bulon nan da ka ambata. Ƙurar kankare da bulo da tayil da dutse tana ɗauke da silika, ƙwayoyin da ke yin ɓarnar ƙanana ne ido ba ya ganinsu, ƙyalle ba ya tare su, suna sauka can ƙasan huhu su mayar da shi tabo, kuma tabon ba ya warkewa, ba mu da maganin da zai mayar da huhun yadda yake. Yawanci sai bayan shekara goma ko fiye mutum zai fara haki, lokacin ya daɗe da barin wurinka, kuma tana buɗe wa tarin fuka ƙofa, tana kuma jawo kansar huhu. Don ka ga ƙanƙantar abin da ake magana, a Amurka dokar 2016 ta sa iyaka maikirogiram 50 a kowace mita kubik ta iska a aikin awa 8, Ostireliya kuwa a Yulin 2024 hana wani nau'in dutsen kanta na haɗi ta yi gaba ɗaya saboda yadda matasa masu yanka shi ke kamuwa. Matashi ba ya tsoron abin da zai zo bayan shekara goma, don haka ni a ganina a nan kar ka dogara da bayani kaɗai, ka sa ruwa a bakin injin ya zama ka'ida, ba ruwa ba yanka, sharar ƙura ma a yayyafa ruwa tukuna.

MaiFeshinFenti ya amsa:

Ni dai abu ɗaya zan ƙara da ba a faɗa ba sosai, takunkumi ba iri ɗaya ba ne, kuma wannan ruɗanin yana cutar da mu masu fenti ƙwarai. Farin nan na ƙura irin N95 ko FFP2 ƙura kawai yake tarewa, tururin tina da na fenti da na gam wucewa yake abinsa, in kana jin warin a ciki to shaƙa kake. Na tururi shi ne mai gwangwani a gefe da gawayi a ciki, shi ma gwangwanin yana cika dole a canza, kuma in ka bar shi a buɗe yana ci gaba da tsotsar iska ko ba ka sa ba, sai a ɗaure shi a leda. Mai gemu kuma ya sani gashi yana hana bakin takunkumin kama fuska, iska ta gefe take shiga, irin wannan sai a nema masa mai rufe kai gaba ɗaya da ke turo iska. Ka faɗa wa mutane wannan a fili, don in ka ce "ku sa takunkumi" kawai, kowa zai sa wanda ya samu ya ɗauka ya gama.

Fentin da ake haɗa kashi biyu da kumfar da ake fesawa a bango ko rufi, da yawansu suna da sinadarin aisosayanet, shi kuwa asma yake sawa, kuma da ya kama ka ko kaɗan ka shaƙa ƙirji zai toshe, wani ma sai dare ya yi yana gida abin zai taso shi ya sa ba ya danganta shi da aiki. A Turai tun Agustan 2023 sai ka yi horo kafin a bar ka ka yi aiki da shi. In feshi ne ma gwangwani bai isa ba sai mai turo iska. Ifoksi, wato haɗin da ake shafa wa daɓe, shi kuma fata yake kamawa, safar naitiril mai kauri ake sa masa ba ta yadi ba.

Sannan dan Allah ka hana wanke hannu da tina ko fetur, mun san yana fitar da fenti da sauri amma yana kwashe man fata ta bushe ta tsage, kuma wani ɓangarensa ta fatar yake shiga jiki.

Wani abin kuma, ni da nake feshin na san me ke cikin galan ɗina, amma mai wayarin da ke ɗaki na gaba fa? Mai walda da ke ƙasan bene yana watsa tartsatsi fa? Tururin tina ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi ya gangara matakala ya taru a lungu, tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Su ba wanda ya gaya musu komai don ba su ne ke taɓa kayan ba. Bayanin haɗari ba na mai riƙe da galan kaɗai ba ne, duk wanda iskar za ta kai wa yana da haƙƙi a ciki.

Sabon_Foman ya sake rubutawa:

Kai, Allah ya saka muku da alheri gaba ɗaya, Baba Birkila maganarka ta shige ni, gobe da sito zan fara in ga wace irin safa muke rabawa kafin in sake tara kowa. Malama na gode, maganar riƙe agogo da hana amai zan sa su a farkon abin da zan koyar. Abin da MaiFeshinFenti ya kawo shi ne ya tayar min da wata tambayar, masu fenti da masu tayil da masu aikin famfo duk 'yan kwangila ne daban, ba ni ke biyansu ba, da kayansu suke zuwa a mota wani lokacin ma a jarka ba rubutu, in na yi magana sai su ce ogansu ne kawai zai ba su umarni. Ya zan yi da su? Kuma sati mai zuwa akwai shafa maganin hana yoyo a cikin tankin ruwa na ƙarƙashin ƙasa, shi ma su za su yi.

MaiSaIdo ya amsa:

Malam Foman wannan ba da yaran za ka yi ta ba, da ogan nasu da kuma naka ogan za ka yi ta, kuma kafin su shigo. Yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya mai lamba 167 ta 1988 kan aikin gini ta ɗora wa babban ɗan kwangila, ko wanda ke riƙe da ragamar wurin, nauyin daidaita matakan kariya in masu aiki fiye da ɗaya suna wuri guda, to ku ne kenan. Ka nemi manajanku ya sa shi a rubuce cikin sharaɗin aiki, duk sinadarin da zai shigo ta ƙofa sai da lakabinsa da takardarsa, jarkar da ba suna ta koma mota. In maigadi ya mayar da ita sau ɗaya labari zai zaga. Sannan kowace safiya shugabannin rukuni su tsaya tare na ɗan lokaci kowa ya faɗi me zai buɗe yau kuma a ina, a nan za ka gane mai tayil zai wanke da asid a banɗakin da mai shara ke zuwa da bilic, su biyun in suka haɗu iskar kulorin suke fitarwa mai shaƙe mutum, ko mai walda da mai fenti sun faɗo bene ɗaya, sai ka raba musu lokaci. Asid ɗin ma in za a sirka, shi ake zubawa cikin ruwa a hankali, ba a zuba ruwa a cikinsa.

Tankin nan kuwa dan girman Allah kar ka bari a shiga sai ka zauna da wanda ya san aikin rufaffen wuri. Ka karɓi SDS na maganin tun yanzu ka duba ko mai tina ne, in akwai mai haɗin ruwa da zai yi aikin a canza, ya fi kowane takunkumi. Tururin da a fili ba zai dame ka ba a cikin tanki taruwa yake ya kori iska, mutum ya ji jiri ya zube, kuma takunkumi mai gwangwani ba ya ƙara maka iskar shaƙa, tacewa kawai yake. Dole a auna iskar da na'ura kafin shiga da lokacin aiki, a sa fanka mai tura iska ta bututu har ƙasa, fitila ta zama wadda ba ta tartsatsi, janareta ya yi nesa da bakin ramin don hayaƙinsa yana ɗauke da iskar guba da ba ta da wari kuma tana kisa, mai shiga ya ɗaura ɗamara da igiya, mutum ɗaya ya tsaya a sama ba abin da zai yi sai kallonsa. Abin da za ka maimaita wa kowa har da leburorinka da ba ruwansu da aikin, in na ciki ya faɗi ba mai dirowa ya ɗauko shi, a ja igiya a kira agaji, don a irin wannan haɗarin sau da yawa masu shiga ceto su ma a ciki suke zama. Ka sa su gwada jan mutum da igiyar kafin ranar, da wani a kwance a ƙasan tankin tun ba a buɗe galan ko ɗaya ba, in bakin ramin ya yi ƙanƙanta ko ba abin rataya igiya a sama gara ku gano yanzu. Turo sunan maganin in ka samu mu duba sashe na 2 da na 8 tare.